Yadda Ake Shirya Fitowar Mayu Uku a Wasan Macbeth a Dandalin Makaranta

Malaman adabi da masu kula da ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na makarantu sun yi ta turo tambaya iri ɗaya: suna son ɗalibansu su yi Macbeth na William Shakespeare a ranar rabon kyaututtuka, amma mayun nan uku sun zame musu ƙarfen ƙafa. Wani ya ce da zarar sun fito sai zaure ya fashe da dariya. Wata malama ta ce iyaye sun yi mata ca, wai ana koya wa yara tsafi. Wani kuma ya ce an gama wasa 'yan kallo na cewa, "Allah sarki Macbeth, asiri aka yi masa."

Wannan na ƙarshen shi ya fi damuna, domin alama ce wasan ya lalace tun daga tushe. Ku binciki wasan daga farko zuwa ƙarshe, babu inda mayun suka ce wa Macbeth ya kashe Sarki Duncan, babu inda suka ambaci sunan wani suka ce a kashe shi. Magana suka faɗa masa, shi ya zaɓi wuƙa. Duk matakan da ke ƙasa an tsara su ne don ɗan kallo ya fita zaure da wannan a ransa.

1. Ware fitowar da za a yi

Mayun sun fito sau huɗu: kashi na 1 fitowa ta 1, kashi na 1 fitowa ta 3, kashi na 3 fitowa ta 5, sai kashi na 4 fitowa ta 1. Ku sami kwafin wasan mai lambobin layi, ku ja layi da jan biro a gefen waɗannan wurare.

Ta ukun, wadda shugabarsu Hecate take yi musu faɗa, ku cire ta. An fara buga wasan a 1623, shekara 7 bayan rasuwar Shakespeare, kuma manazarta da yawa suna ganin Thomas Middleton ne ya ƙara wannan fitowa. Cire ta ba ya taɓa zaren labari. Abu ɗaya kawai za ku ɗauka daga cikinta ku faɗa wa 'yan wasa: Hecate ta ce babban abokin gaban ɗan Adam shi ne sakankancewa, ya ga kamar babu abin da zai same shi. Da wannan tarkon za a kama Macbeth a kashi na 4.

Hattara: masu rage tsawon wasa kan cire kashi na 1 fitowa ta 2, suna ganin labarin yaƙi ne kawai. Kada ku taɓa ta. A nan ne Duncan ya tuɓe hakimin Cawdor saboda cin amana, ya ba Macbeth sarautar. Ke nan lokacin da mayun suka kira shi hakimin Cawdor, 'yan kallo sun riga sun san an gama naɗin, labari ne kawai bai iso masa ba. Idan kuka cire wannan, kun ƙara wa mayun ƙarfin da marubucin bai ba su ba.

2. Neman izini da gyaran rubutu

Kafin ku zaɓi ko mutum ɗaya, ku je wurin shugaban makaranta da takarda shafi guda mai bayyana abin da wasan ya ƙunsa. Ku nuna masa gargaɗin Banquo, abokin yaƙin Macbeth, a kashi na 1 fitowa ta 3, inda yake faɗa wa Macbeth cewa wakilan duhu sukan faɗi gaskiya a kan ƙananan abubuwa don su sami amincewar mutum, sannan su yaudare shi a kan babban abu. Duk wanda ya yi karatun islamiyya zai tuna hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa kalmar gaskiya ɗaya aljani kan fizgo ya kai wa boka, sai a gauraya ta da ƙarya ɗari. Iyayen da suka ga wannan sukan kwantar da hankalinsu, domin wasan ƙarshen mai gaskata boka yake nunawa.

A cikin jerin abubuwan da ake jefawa tukunya akwai layukan da suka ambaci hantar Bayahude, da hancin Baturke, da leɓen Batatare, da yatsan jariri. Ku soke su. Sauran jerin, irin su kwaɗo, maciji, gashin jemage da harshen kare, sun ishe ku.

Idan da Hausa za ku yi wasan, ku lura da yadda marubucin ya bambanta bakin mayun da na kowa. Su gajerun layuka masu amsa-amo suke yi, kamar waƙar da ake maimaitawa, sauran jama'a kuwa dogayen layuka. Ku riƙe wannan bambanci: mayu su yi magana da ƙafiya, Macbeth da Banquo su yi magana ta hankali.

3. Jadawalin duba

Wannan matakin shi ake yawan tsallakewa, shi ne kuma ya fi kowane amfani. Ku zaunar da dukan 'yan wasa gaban allo, ku raba allon gida huɗu: abin da aka faɗa, abin da Macbeth ya ɗauka, abin da ya aikata, da yadda maganar ta cika. Yaran ne za su cike, ku naku tambaya.

A haɗuwar farko an gaishe shi da sarauta uku. Hakimin Glamis, wadda ya riga ya gada bayan mutuwar mahaifinsa Sinel. Hakimin Cawdor, wadda aka riga aka ba shi. Sai sarki nan gaba. Ku tambayi yaran: a cikin ukun nan wace ce gaibu ta gaske? Ɗaya ce tak. Sannan ku tambaye su: an faɗa masa ta wace hanya zai zama sarki? Ba a faɗa ba. Shi da kansa ya ce a ransa, idan rabo ne zai ba shi sarauta, rabo zai iya naɗa shi ba tare da ya motsa ba. Ya san wannan hanya tana nan. Abin da ya sauya shi ne fitowa ta 4, inda Duncan ya ayyana ɗansa Malcolm a matsayin mai jiran gado, sai Macbeth ya ce wannan mataki ne da dole ya tsallake ko ya faɗi a kansa.

Banquo ma an yi masa duba a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya: bai kai Macbeth ba amma ya fi shi, ba zai yi sarauta ba amma zuriyarsa za ta yi. A kashi na 2 ya yi mafarkin mayun, ya roƙi a kare shi daga mugun tunanin da ke zuwa masa cikin barci. Bai kashe kowa ba. Ku rubuta gidan "abin da ya aikata" na Banquo kusa da na Macbeth, ku bar yaran su dube su tare. Ina ganin darasin wasan kacokan yana cikin waɗannan gidaje biyu.

Ku tuna musu kuma matar Macbeth ba ta taɓa ganin mayun ba. A wasiƙa ta karanta labarin, a kashi na 1 fitowa ta 5, nan take ta fara shirin kisa.

Hattara: ɗalibai sukan rubuta cewa mayu ne suka sa aka kashe Banquo da iyalin Macduff, hakimin Fife. Ku mai da su ga rubutun. Tsoron kada sarauta ta koma gidan Banquo ne ya sa Macbeth ya ɗauki hayar makasa, Fleance ɗan Banquo kuma ya tsere. Game da Macduff, "yi hattara da shi" aka ce. Kai hari gidansa a Fife da kashe matarsa da 'ya'yansa, bayan shi ya riga ya gudu Ingila, shawarar Macbeth ce shi kaɗai.

4. Zaɓen 'yan wasa da shigarsu

Ku zaɓi uku masu muryoyi mabambanta: mai kauri, mai siriri, da matsakaiciya, don idan sun haɗa baki a ji kowace. Maza ko mata duk ya yi, tunda Banquo da kansa ya ce da ya kira su mata amma gemunsu ya hana shi. Rubutun ya ba ku sauran siffar: sun yamutse, tufafinsu babu tsari, ba su yi kama da mutanen duniya ba, kowace ta ɗora busasshen yatsa a kan leɓenta.

Buhun algarara guda uku da aka huda wa wuya da hannu, toka ko farar ƙasa a fuska da hannuwa, gemu na zaren rama da aka ɗaura da roba, ƙafa babu takalmi. Shi ke nan.

Hattara, kuma wannan da gaske nake: kada ku yi musu shigar tsohuwar unguwa, da zani da kallabi da sanda. A garuruwanmu har yau ana jifan tsofaffin mata da zargin maita, wasu a kore su daga gida, wasu a yi musu duka. Bai kamata dandalin makaranta ya ƙara wa wannan zargi ƙarfi ba. Haka nan kada ku ɗauko shigar 'yan bori ko ta wata ƙabila. Mayun Macbeth na wani fako ne a ƙasar Sikotland, ku bar su su zama abin da babu wanda ya taɓa gani a layinsu.

Akwai kuma abin da ke biyo baya. Yarinyar da ta fito a mayya, washegari a aji wani zai kira ta "mayya", sunan kuma yana iya bin ta har ta gama makaranta. Ku nemi yardar iyayenta tun farko, ku rufe fuskokin sosai da toka, ku gargaɗi ɗalibai a taron safe, sannan a ƙarshen wasa ukun su wanke fuska su fito da kayan makaranta a gabatar da su da sunayensu.

5. Kayan aiki da kuɗi

Aro za ku yi: babbar tukunyar biki daga wurin masu girkin makaranta, muciya, ganga ɗaya, madubi mai faɗin faranti, fitilun caji biyu, tocila uku, da falle ɗaya na kwanon rufi, wanda in an girgiza shi a bayan labule yake ba da ƙarar aradu.

Saye za ku yi: buhuna, kwalaye, gam, takarda mai walƙiya ta yin kambi guda 10, jan launi na abinci da ɗan sitaci don haɗa jini, 'yar tsana babba, da leda mai launin kore ko ja ta rufe bakin tocila. Waɗannan duka ba su kai abu biyu cin kuɗi ba: buga kwafin rubutu ga kowane ɗan wasa, da man janareta in da dare za a yi. Don rage na farko, kowa a buga masa shafukan da yake ciki kawai. Don rage na biyu, ku sa wasan bayan la'asar, ku rufe tagogi da barguna.

6. Haɗuwar farko

Fitowa ta 1 ba ta fi minti ɗaya ba. Aradu, walƙiya da tocila, su yi alkawarin haɗuwa da Macbeth bayan yaƙi, su faɗi maganarsu cewa kyakkyawa mummuna ne, mummuna kyakkyawa ne, su ɓace. Kada ku ƙara rawa. Amma ku tabbata an ji layin nan sarai, domin kalmar farko da Macbeth zai furta a wasan ita ce bai taɓa ganin rana mai muni da kyau kamar wannan ba. Bai gan su ba tukuna, amma bakinsa ya zo ɗaya da nasu.

Fitowa ta 3 ta fara da labarin matar wani matuƙin jirgin ruwa da ta hana mayya abin da take ci. Mijin ya tafi Halab, mayyar ta sha alwashin hana shi barci dare da rana. Sannan ta faɗi abin da ya kamata kowane ɗan kallo ya ji: ba za ta iya nutsar da jirginsa ba, iyakarta ta sa guguwa ta wujijjiga shi. Ku sa mai wannan layi ta sassauta, ta faɗe shi da takaici. Nan ne marubucin ya shata iyakar ƙarfinsu.

Ganga ta kaɗa, Macbeth da Banquo su shigo. Ga tsarin tsayuwa: mayu a tsakiya, Banquo ya matsa kusa yana yi musu tambaya ido cikin ido, Macbeth ɗan nesa. Bayan gaisuwa ta uku, "wanda zai zama sarki", kowa ya yi shiru na ƙirgen uku. Macbeth ya zabura, hannunsa ya kai ga takobi ba tare da ya sani ba. Banquo ya juyo ya tambaye shi me ya sa ya firgita da albishir mai daɗi haka. Ku maimaita wannan ɗan wuri har ya zauna, ko da zai ci muku gwajin yini guda. Wanda aka yi wa albishir ya firgita, akwai abin da ke ransa tun kafin a faɗa.

Ɓacewarsu kuma ba ta buƙatar dabara mai tsada. A kashe fitila, a girgiza kwano, su zame ta bayan labule, a kunna, Macbeth yana miƙa hannu yana cewa su tsaya su ƙara masa bayani.

Hattara: kuskure mafi yawa shi ne ƙyalƙyala dariya da tsalle-tsalle. Shi ke sa zaure dariya. Mayun da suka tsaya cik, suna magana a hankali, ido bai ƙifta ba, sun fi tsoratarwa. Kada kuma su taɓa jikin Macbeth ko su hura masa wani abu a fuska. Da zarar an yi haka, ɗan kallo zai ce an sihirce shi.

7. Tukunya da siffofi uku

A karon farko su suka tare shi a hanya. A wannan karon shi ya nemo su da ƙafarsa, kamar yadda ya faɗa wa matarsa a ƙarshen liyafar da fatalwar Banquo ta bayyana. Ya shigo da sauri, da kambi a kansa, yana ba da umarni. Ya riga ya kashe Duncan da masu gadinsa biyu, ya sa an kashe Banquo. Saboda haka lokacin da siffa ta biyu ta ce masa ya zama mai zub da jini da ƙarfin hali, da wanda ya riga ya nutse take magana.

Ku ɗora tukunya a kan tebur mai rufi har ƙasa, yaro ɗaya ya ɓuya a baya yana ɗago siffofin ɗaya bayan ɗaya. Tocila mai koriyar leda a cikin tukunya tana haska fuskokin mayun daga ƙasa.

Siffa ta farko kai ne sanye da hular yaƙi, ya ce a yi hattara da Macduff. Ta biyu jariri ne jina-jina, ya ce babu wanda mace ta haifa da zai cutar da Macbeth. Ta uku yaro ne da kambi, riƙe da itace, ya ce ba za a ci Macbeth da yaƙi ba sai dajin Birnam ya taso zuwa tudun Dunsinane.

Ga dabarar da nake so ku riƙe. Kowace siffa tana nuna wa ido abin da kunne bai ji ba. Kan da aka nuna, yawancin masu sharhi na ɗaukarsa kan Macbeth ne da Macduff zai sare. Jaririn shi ne Macduff da kansa. Yaron mai itace Malcolm ne. Don haka kan kwalin da kuka ɗago a nan, shi ɗin dai Macduff zai shigo da shi a ƙarshe. Reshen da ke hannun yaron ya zama irin wanda sojoji za su ɗauko. Kambinsa shi za a ɗora wa Malcolm. Ɗan kallo zai gane kayan in ya sake ganinsu, ya gane cewa an nuna wa Macbeth ƙarshensa ƙiri-ƙiri, amma abin da ransa ke so kawai ya ɗauka.

Daga nan mayun suka ce kada ya nemi ƙarin sani. Ya nace, har da barazanar la'ana, sai an faɗa masa ko zuriyar Banquo za ta yi mulki. Ɗalibai takwas masu kambi su wuce a jere a hankali, na ƙarshe da madubi, fatalwar Banquo a bayansu tana murmushi tana nuna su. An rubuta wasan wajen 1606, zamanin Sarki James wanda ya hau gadon Ingila a 1603, ana kuma ɗaukarsa jikan Banquo ne. Mai madubin ya juya shi zuwa 'yan kallo, don a ga jerin bai ƙare a takwas ba.

Hattara: kada ku hura gawayi a cikin tukunya ko kusa da labule. A rufaffen zaure hayaƙin gawayi yana sumar da mutane, buhun algarara kuma ba ya jiran wuta. Turaren wuta ma yana tayar wa masu asma. In lallai kuna son hayaƙi, malami ya riƙe ƙaramin kasko a bakin taga na ɗan lokaci, da bokitin ruwa a gefensa. Jariri kuwa 'yar tsana ce, kada wani ya ce zai kawo ƙaninsa.

8. Cikar duba

Mayun ba su sake fitowa ba bayan kashi na 4, amma duk aikinku a kansu zai tashi a banza idan kashi na 5 bai fito da kyau ba.

Ku nuna Malcolm yana umartar kowane soja ya sari reshe ya riƙe a gabansa don ɓoye yawansu. Dole a ga wannan, domin a san dabarar yaƙi ce ta mutane, babu tsafi a ciki. Rassan darbejiya sun yi, a yanko su da safiyar ranar, a tsoma gindinsu a ruwa, in ba haka ba su yi yaushi kafin la'asar. Ɗalibai goma zuwa goma sha biyu su shigo ta ƙofar baya, su ratso tsakiyar 'yan kallo a hankali, fuska a ɓoye. Macbeth ya ji labarin daga ɗan aike, ya zage shi, sannan ya fara shakkar abin da aka faɗa masa.

A karawar ƙarshe Macbeth ya yi alfahari da cewa wanda mace ta haifa ba zai iya da shi ba. Macduff ya sauke takobi kaɗan, ya dube shi, ya ce shi farke cikin uwarsa aka yi aka ciro shi kafin lokaci. Ku tsaya kan kalmomi biyun nan, "haifa" a bakin siffa da "ciro" a bakin Macduff, kada ɗan wasa ya musanya su. Wani a zaure zai ce, "Ai duk haihuwa ce." Ba laifi, abin da Macbeth ya faɗa ke nan da kansa, cewa shaiɗanun nan masu baki biyu sun cika alkawari a kunne sun karya shi a zuci. Ya faɗi wannan a hankali, ba da ihu ba, sannan ya ɗaga garkuwa ya yi faɗa. Takubba na katako ko kwali, a kuma yi kisan a bayan labule.

Hattara: wasu sukan dawo da mayun a ƙarshe su zagaye gawa suna murna. Babu wannan a rubutun, kuma yana mai da nasarar tasu. Ku rufe da jawabin Malcolm.

9. Gwajin ƙarshe

Kwana biyu kafin ranar, ku yi cikakken gwaji da kaya da fitila da kwano. Mai girgiza kwano da mai kashe fitila su riƙe kwafin da aka yi wa alama, su zauna inda suke ganin juna. Malami ɗaya ya tsaya a kujerar ƙarshe ya ɗaga hannu duk inda bai ji maganar mayu ba, musamman layin jirgin ruwa da maganganun siffofi uku.

Ku gayyato ɗalibai biyar ko shida na wani aji waɗanda ba su san labarin ba. Bayan an gama ku yi musu tambaya ɗaya: wa ya jawo mutuwar Duncan? In suka ce Macbeth da matarsa, ku bar komai yadda yake. In suka ce mayu, ku koma mataki na 6, ku ƙara nisa tsakanin mayun da Macbeth, ku tsawaita shirun da ke bayan gaisuwa ta uku, ku sa a ji maganar da yake yi a ransa bayan zuwan Ross da Angus, waɗanda suka kawo masa labarin naɗin Cawdor, sannan ku sake gwajin washegari.